Ranar da Domnica ta Kira Ni 'Yar Rahoto

Shugabar wannan taro, Malama Eufrosina Dascalu, wadda ta koyar da rabin mutanen da ke zaune a zauren nan, sauran rabin kuma 'ya'yansu na hannunta yanzu. Mai girma Magajin Gari, Malam Toader Chirila. Ubanmu Fada Gherasim da sauran shugabannin coci. Likitocinmu da ma'aikatan jinya. Jami'an kare yara da 'yan sanda. Malaman makaranta na cikin gari da na ƙauyuka, musamman waɗanda suka yi sammako suka biyo motar farko cikin wannan sanyi. Abokan sana'ata da na hango sun laɓe a layin baya. Iyaye maza da mata. Sai kuma kakanni, waɗanda na ajiye a ƙarshe da gangan, domin su ne ke riƙe da gidaje da yawa a gundumar nan: ina gaishe ku gaba ɗaya, gaisuwar girmamawa da ƙauna, barkanmu da ganin juna lafiya.

Ina godiya ga kwamitin da ya shirya wannan zama, ya kuma ga dacewar a ba ni dama in yi magana. Ina godiya ga matan da suka tashi tun da duhu suka toya mana burodin da ƙamshinsa ke hana wasu sauraro tun yanzu. Ina godiya ga Magajin Gari da ya sa aka kunna murhun zauren, domin bara a cikin rigunan sanyi muka yi taron nan, haƙora na kaɗawa. Fada Gherasim ya ja mini kunne a bakin ƙofa cewa kada in tsawaita. Na ce masa, Fada, Lahadi nawa muka yi muna tsaye a kan ƙafafunmu muna sauraronka ba mu yi ƙorafi ba? Yau kai kana da kujera, sai ka yi haƙuri da ni.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ortansa Prisacaru. Aikina jinyar damuwar yara ta hanyar wasa. Yara suna kirana Malamar 'yartsana, wasu iyaye maza kuma suna tambayata, cikin ladabi dai, ko da gaske albashi ake biyana don in zauna a ƙasa in riƙa tura motar roba. Da gaske ne, gwiwoyina ma shaida ne. Ina da ɗaki ɗaya, da darduma, da tiren yashi, da gidan 'yartsana, da akwatin kayan wasa. Yaro yakan shigo ya yi abin da ya ga dama, ni kuwa in zuba ido in buɗe kunne, domin abin da ya fi ƙarfin bakin yaro sau da yawa hannunsa yana iya nunawa.

An ce in yi bayani a kan abin da ya kamata mu yi idan muka yi zargin ana cutar da yaro ko an bar shi ba kulawa. Zan kawo muku abubuwa huɗu, kuma zan ɗora su a kan labarin yarinya guda. Abin ya faru a wata gunduma inda na yi aiki a da, na canza sunayen kowa, kuma uwar yarinyar da ita kanta yarinyar sun ba ni izini. Saboda haka kada kowa ya fara waiwayen maƙwabcinsa.

Zan kira ta Domnica. Shekararta tara a lokacin. Uwarta, Aurica, tana Italiya tana jinyar wata tsohuwa, kamar yadda 'yan'uwan da yawa daga cikinmu ke yi. Uban ya tafi aikin gini a waje tun da daɗewa, ya yi wani iyalin a can. Domnica da ƙanenta Sandu, ɗan shekara uku, suna hannun kakarsu, Kaka Safta. Malamar ajinsu ce ta turo mini ita, saboda da zarar an tashi tara sai yarinyar ta arce, ta sheƙa gida da gudu, ta dawo tana haki bayan an koma aji. An yi faɗa, an yi lallashi, ba ta daina ba. Ranar da aka kulle ƙofar makaranta don a hana ta, sai ta gantsara wa maigadi cizo a hannu. Aka ce yarinya ta lalace, rashin uwa ne, a kai ta wurin Malamar 'yartsana.

Abu na farko da nake so ku riƙe shi ne, wasa yana nuna hanya, amma shi kaɗai ba ya zama shaida.

Domnica ta shigo ɗakina ba ta kalli yashi ba, ba ta kalli fenti ba, gidan 'yartsana ta nufa kai tsaye. Ta kwashe duk kayan gidan, tukwane da gadaje da kujeru, ta jibge su a ɗaki ɗaya a hargitse. Sai ta gyara kusurwa guda ta ɗakin baƙi tsaf, ta zaunar da 'yartsanar tsohuwa a kujera, ta ɗaura mata kallabi, ta ɗora mata ƙaramin yaro a cinya. Ta ɗauki wayar wasa ta saita ta daidai kusurwar nan, irin yadda muke yi idan namu na waje sun kira mu ta bidiyo ran Lahadi, ta sassauta murya ta ce: "Lafiyarmu ƙalau, Mama. Kaka ta yi mana tuwon masara da cuku." Da ta ajiye wayar, sai ta kwance zaren da ta ɗaure gashinta da shi, ta ɗaura a ƙafar ƙaramin yaron, ta ɗaure ɗaya bakin a ƙafar gado. Ta yi haka a makon farko, ta yi a na biyu, ta ci gaba da yi mako bayan mako, ba ragi ba ƙari.

Na san abin da ya faɗo muku a rai yanzu, domin shi ne ya faɗo wa abokiyar aikina da na yi shawara da ita. Ta ce ai magana ta fito fili, tsohuwar ce ke ɗaure yaron. Na ce mata mu dakata. Na ga yaron da ya yi ta binne 'yartsana a yashi, ashe kyanwarsu ce ta mutu. Na ga yarinyar da ta yi ta ɗaure dawakin roba, ashe babanta makiyayi ne. Wanda ya ga wasa sau ɗaya ya ruga ya ɗora wa mutum laifi, yana iya rusa gida a kan abin da bai faru ba. Wanda kuma ya ga wasa ɗaya yana ta maimaituwa, yaro ba ya dariya a cikinsa, ba ya jin daɗinsa, yana yin sa kamar aikin dole, ya ce ai wasan yara ne, shi ma ya yi sakaci. Abin da ake yi shi ne a haɗa abin da aka gani a wasa da abin da ido ya gani a jiki. Na lura da tabon ƙuna a wuyan hannunta. Na lura rigarta ɗaya ce, wankinta kuma wankin yaro ne. Na ajiye waɗannan a gefe ina jira.

Sai ga bikin Waliyyi Nicolae. Makarantar ta ce kowane ɗalibi ya zo da ƙannensa da yamma, a jera takalman sanyi a bakin bango kamar yadda muka saba, a zuba musu alewa da lemo. Domnica ta zo riƙe da hannun Sandu, ta ce gwiwar Kaka ce ta tashi. Da aka ce yara su cire takalma, Sandu ya zauna ya tuɓe nasa da murna, ba safa a ƙafarsa, sai ga wani shaci ja ya zagaye idon sawunsa kamar munduwa. Yayarsa ta yi wuf ta ja ƙafar wandonsa ta rufe. A yammacin nan na shaida wa shugaban makaranta, na kira ofishin kare yara, na gaya musu abin da na gani ba tare da na ƙara gishiri ba, na kuma ce ban san wanda ya yi ba. Suka ce za su je gidan washegari da rana. Ku lura, jama'a, ban jira na tabbatar ba. Doka ba ta ce sai ka tabbatar ba, cewa ta yi idan kana da dalilin zargi ka faɗa. Tabbatarwa aikin wasu ne, kuma an horar da su a kansa.

Abu na biyu, kada ku sa wa yaro magana a baki.

Washegari da hantsi Domnica ta zo ɗakina kamar kullum, ta yi wasanta kamar kullum, ta ɗaure ƙafar ƙaramin yaron. Tambayar da ke kan harshena ita ce, kakarki ce ke ɗaure Sandu? Da na yi ta, da na ɓata komai. Yaro yana son ya faranta wa babba rai, ko ya kare nasa. Ko dai ta ce e don ta ga haka nake so, a ɗora wa tsohuwa abin da ba ta yi ba, ko ta ce a'a ta kulle bakinta har abada. Saboda haka abin da na gani kawai na faɗa. Na ce, na ga an ɗaure yaron nan da ƙafar gado.

Ba ta ɗago ba ta ce: "Don kada ya je rijiya."

Na ce ta ba ni labarin, in tana so.

Ta ce: "Yayarsa ce ke ɗaurewa. Ba ta matsewa. Tana sa tsumma a ƙasan igiyar, shi ne yake cirewa."

Daga nan magana ta ɓalle, ni dai ina cewa to, ina jin ki. Ta ce tun lokacin girbin masara Kaka ta fara mantuwa. Takan ɗora tukunya ta fita, sai hayaƙi ya cika gida. Takan kira Domnica da sunan Aurica, takan tambayi Sandu ɗan gidan wa ne. Gigin tsufa ya kama ta, ba wanda ya sani a hukumance. Wata rana Domnica ta dawo daga makaranta ta tarar da ƙofa a buɗe, Sandu ya ɗare bakin rijiya yana leƙen inuwarsa a ruwa, Kaka kuwa ba ta nan. Tun daga ranar, kafin ta fito sai ta hura wuta saboda sanyi, ta dafa abin da ta iya, ta ɗaure shi. Gudun da take yi lokacin tara kuwa, zuwa take ta ga ko yana numfashi. Ran Lahadi ta yi wa Kaka wanka, ta ɗaura mata kallabin coci, ta zaunar da ita a ɗakin baƙi ƙarƙashin hotunan waliyyai, ta riƙe waya yadda uwarta ba za ta ga komai ba sai wannan kusurwa.

Kun ga inda gaskiyar take. Ba mugu a gidan nan ko ɗaya, amma yaro yana cikin haɗarin mutuwa kowace safiya. Da na bi zatona, da tsohuwa marar lafiya na ɗora wa laifi. Abokan sana'ata na layin baya, da ku nake musamman: ku faɗi abin da kuka gani, ku yi shiru, ku bar yaro ya cika shirun da kansa. Kada fuskarku ta nuna firgita, domin yaro yana karanta fuska fiye da yadda yake jin magana, in ya ga kin razana sai ya janye don ya tausaya miki. Bayan ya fita ku rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, ba yadda kuka fahimce su ba.

Abu na uku shi ne mafi ɗaci, kuma a nan ne masu taushin zuciya suke faɗuwa: kada ku yi wa yaro alkawarin rufa asiri.

Duk yaron da ya shigo ɗakina, tun ranar farko nakan gaya masa cewa abin da ya yi a nan nasa ne, ba zan kai wa malami ko iyaye ba, sai fa idan na ga shi ko wani yana cikin haɗari, to a nan dole in nemo masu taimako. Na gaya wa Domnica haka, ta ji. Amma da ta gama magana ta ankara da abin da ta yi, sai ta yi zumbur ta miƙe, ta zaro ɗan gicciyen da ke wuyanta ta miƙo mini.

Ta ce: "Malama, ki sumbaci wannan ki rantse ba za ki faɗa wa kowa ba. In suka ji za su ɗauke Sandu su kai shi gidan marayu, su kai Kaka gidan mahaukata, Mama kuma ta rasa aikinta. Ni zan iya. Ina iyawa ai."

Jama'a, da kalma ɗaya zan iya sayen murmushin yarinyar nan. In ce na rantse, ta rungume ni, in ya so in buga waya a bayan idonta. Mutane da yawa haka suke yi, suna ganin tausayi ne. To yarinyar da uba ya tafi ya bari, uwa ta yi nisa, kaka ta manta sunanta, in ni ma na yi mata ƙarya, wane babba kuma za ta sake yarda da shi a duniya? Na durƙusa daidai tsayinta na ce ba zan rantse ba. Na gaya mata tun jiya na ga ƙafar Sandu, na riga na kira masu kare yara, kuma yanzu zan sake kiransu su zo nan take, domin a daidai wannan lokaci ƙanenta yana ɗaure a ɗaki kusa da wuta. Na ce mata ba laifinta ba ne, ta yi aikin da ya fi ƙarfin manya biyu, kuma ta yi shi da ƙauna. Na ce ban san yadda abin zai ƙare ba, ba zan yi mata alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Abin da ke hannuna shi ne ba zan yi komai a ɓoye mata ba, a gabanta zan buga wayar, duk wanda ya tambaye ni zan gaya masa cewa yaran nan biyu bai kamata a raba su ba, kuma ɗakin nan yana nan yana jiranta kowane mako.

Ta kalle ni, idonta a bushe, ta ce: "Ashe ke 'yar rahoto ce."

Wannan kalma ce ta kawo ni ga abu na huɗu, wanda saboda shi na yarda na zo nan yau: kai rahoto don ceton yaro ba cin amana ba ne. Yarinya 'yar shekara tara, wadda aka haifa bayan wancan zamani na mulkin kama-karya ya daɗe da shuɗewa, ina ta samo kalmar nan? A bakinmu ta same ta. Mu da muka girma lokacin da mutum ba ya iya yin tsaki a layin burodi sai ya waiwaya, lokacin da magana ɗaya ta maƙwabci take ɓatar da magidanci, mun fito da darasi guda: mutumin kirki ba ya kai maganar gidan wani wurin hukuma. A wancan lokaci darasin nan ya ceci rayuka, ban raina shi ba. Haka kuma tsoron gidajen marayu na da, waɗanda wasunmu suka gani da idonsu, ba tsoron banza ba ne. Amma mun miƙa wa jikokinmu tsoron nan tun ba su san dalilinsa ba, har ga shi yarinya ta gwammace ta ɗaure ƙanenta da ta buɗe baki.

Jami'ar kare yara ta iso ba da jimawa ba, tare da ma'aikaciyar jinya. Zuwa gidan mutane ba aikina ba ne, amma Domnica ta ce in dai na iya buga waya, sai in zo in ga abin da na jawo. Jami'ar ta yarda, na bi su. Mun tarar da Sandu zaune a kan bargo, an ɗaure ƙafarsa da ɗamarar rigar Kaka. Ga burodi a gefensa, ga kofin ruwa, ga fo. An auna tsawon ɗamarar yadda zai kai ga waɗannan amma ba zai kai ga murhu ba. Murhun kuwa a buɗe yake, wani garwashi ya faɗo yana cin bakin darduma. Kaka Safta tana can bayan gida cikin itatuwa, ba riga mai kauri a jikinta, tana kiran wata saniya da aka sayar tun Aurica tana budurwa.

A bakin ƙofar gidan akwai tukunyar miya an rufe ta da tawul, da sauran ɗuminta. Na maƙwabta ce, Kawu Ilarie da matarsa Gwaggo Catinca, wadda ita ce ma ta tsaya wa Domnica a matsayin uwa ranar da aka yi mata baftisma a coci. Kullum suna ajiye abinci a wurin, su ƙwanƙwasa su juya, don kada su kunyata Safta. Kawu Ilarie ya fito ya tsaya a bakin shinge, ya cire hularsa. Jami'ar ta tambaye shi ko sun san tsohuwar ba ta da lafiya. Ya ce sun sani, duk layin sun sani, amma da ta ambaci ɗaure yaron, ya ce wannan kam ba su sani ba.

Sai ya juyo gare ni ya ce: "Malama, ubana ya yi shekaru a kurkuku saboda maƙwabci ya yi magana. Na yi wa kaina alkawari bakina ba zai taɓa kai gidan wani gaban hukuma ba."

Na ce masa: "Kawu, wanda ya kai babanka, ya kai shi ne don a ɗaure shi. Wannan wayar, don a kwance yaro aka buga ta. Shiga ka gani."

Ya shiga, ya ga ɗamarar, ya ga dardumar da ta ƙone. Dattijo ne mai furfura, ya zauna a bakin gadon ya rufe fuskarsa da hula. Mutanen kirki ne, ina so ku ji wannan da kyau. Ba rowa suka yi ba, ba rashin imani ba, sun ciyar da yaran nan wata da watanni. Amma tukunyar miya ba ta kashe gobara, ba ta kuma rufe rijiya.

Abin da Domnica ta fi tsoro bai faru ba. Jami'an kare yara na yau dangi da makusanta suke fara nema, kuma a ranar Gwaggo Catinca ta ce 'yarta ta baftisma ba za ta kwana a hannun baƙo ba ita tana raye. Yaran biyu suka tsallaka shinge suka koma gidanta tare. Likita ya duba Kaka Safta aka fara ba ta kulawa. Aka kira Aurica aka gaya mata gaskiya. Ta hau mota ta taho, ta iso idanunta a kumbure, abin da take ta maimaitawa shi ne tana can tana yi wa uwar wasu wanka, tata uwar kuwa 'yar shekara tara ce ke yi mata. Ba zan shafa muku zuma a baki ba: aikin nata ya tafi, gidan ya shiga matsi, Kaka Safta kuma ba ta warke ba, ta rasu da lokacin girbi ya zagayo, a gadonta, 'yarta na riƙe da hannunta. Ba kowane labari ne ma yake ƙarewa da sauƙin wannan ba. Akwai gidajen da mugun yana ciki da gaske, dole a fitar da yaro. Ko a can, ko a nan, shiru bai taɓa zama magani ba.

Saboda haka ina kira gare ku. Malamai, yaron da ya addabe ku da rashin ji, ku tambayi kanku me yake gudu zuwa gare shi, ko me yake gudu daga gare shi. Fada, kai ne kake ganin wace tsohuwa ce ta daina zuwa coci. Masu shago, ku ne kuke ganin wane yaro ne ke yin cefanen gida shi kaɗai. Iyayen da ke waje, ku ce a zagaya da ku cikin gidan gaba ɗaya, har madafa. Kakanni, in kun ji ƙarfinku ya fara gazawa, faɗar haka ba abin kunya ba ne, kun riga kun yi fiye da rabonku. Kada ku yi bincike da kanku, kada ku tunkari wanda kuke zargi, kada ku tara yaro da tambayoyi. Ku ɗaga waya ku faɗi abin da kuka gani. In zatonku bai zama gaskiya ba, an sha ɗan kunya an wuce. In ya zama gaskiya kuka yi shiru, babu abin da zai dawo da yaron.

Za ku tambaye ni, ita Domnica fa? Ta ci gaba da zuwa ɗakina, domin na roƙi uwarta kada a yanke. Sai ta shigo ta zauna ta juya mini baya har lokaci ya cika, ta tashi ta fita. Haka muka ƙare lokacin sanyi. Ban lallashe ta ba, ban kare kaina ba, ban ce ai don ke na yi ba. Fushinta haƙƙinta ne, kuma gara ta sauke shi a kaina da ta haɗiye shi. Abin yana yi mini zafi, ni ma mutum ce, amma ko sau ɗaya ban yi da-na-sani ba.

Sai wata rana da bazara, bayan ƙanƙara ta narke, ta shigo gwiwarta duk taɓo, ta zauna, wannan karon tana fuskantata.

Ta ce: "Har yanzu ban yafe miki ba."

Na ce na sani.

Ta ɓantari taɓon da ya bushe a gwiwarta, sannan ta ce: "Jiya mun je bakin rafi da 'yan ajinmu, muka yi ta wasa har rana ta faɗi. Na manta da Sandu gaba ɗaya, Malama. Ban tuna da shi ba ko sau ɗaya. Da na dawo gida na same shi yana cin tuwo, babu abin da ya same shi."

Shugabar taro, jama'a, wannan shi ne ladan aikin. Yarinya 'yar shekara tara ta sami yini guda da ta manta da ƙanenta, kuma ƙanen yana raye. In farashinsa shi ne ta kira ni 'yar rahoto har ƙarshen rayuwata, na karɓa, kuma gobe ma in ta kama zan sake ɗaga wayar.

Ubangiji Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, na gabanmu da waɗanda ke bayan ƙofofin da ba mu leƙa ba. Ya ba kakanninmu lafiya da ƙarfin gwiwa, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu. Ya dawo mana da namu da ke ƙasashen waje cikin aminci, ya buɗe musu hanyar abinci kusa da 'ya'yansu. Ya ba mu idon gani, da kunnen ji, da zuciyar da za ta iya ɗaukar fushin yaro don ta ceci ransa. Ya albarkaci wannan taro da waɗanda suka shirya shi, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya tarar da iyalinsa lafiya.

Na gode.